Lanhon Kara

Ba zan taɓa mantawa da ranar nan ba, ko da yake Allah ya sani na gwada. Ranar ce na tsaya a gaban mutanen garinmu, cikin rigata ta Juma'a, ina koya musu yadda ake son 'ya'ya. Shekara huɗu ke nan da yin abin, amma har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, in kuwa ina cin tuwo sai in tsame hannu.

Garinmu ɗan ƙauye ne cikin duwatsu, a kan hanyar Allakaye. Lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, tana da kilas uku, azuzuwa na siminti, sauran kuwa rumfunan kara ne da ake sake kafawa kowace shekara bayan girbi, domin tsakanin ruwan damina da gara da awaki babu rumfar da ke ganin shekara biyu. In an yi damina mai kyau ba a ma zama a kan maganar. Kara yana nan zube a gonaki, wanda ya ga dama ya ɗauko ya jibge a filin lakwal, tsofaffi biyu ko uku su kafa, yara su shiga.

To, a shekarar da nake ba ku labari ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ke fitar da kai. Hatsi bai yi ba, karan ma ya tsaya iya ƙugu. Ciyawa kuwa tun kafin a gama girbi dabbobi suka lashe ta. Nan da nan kara ya zama dukiya. Mutane suka riƙa ɗora shi a kan bishiya da saman ɗaki suna kewaye shi da ƙaya, wanda ke da saniya ɗaya yana lissafin dami nawa zai kai ta ga faɗuwar ruwa. Fulanin da ke gefen gari, waɗanda muke zaune tare tun kakanni suna noma suna kiwo, su ne abin ya fi taɓawa. Kowa ya san akwai bisashen da ba za su ga damina ba.

Kuma a wannan shekarar ce, bayan mun daɗe muna roƙo, aka turo mana sabon mushe, wato malamin lakwal, daga Buza don ya riƙe ajin ƙarshe. Sharaɗi ɗaya aka gindaya mana: a kafa masa rumfa cikin kwana goma sha biyar, in ba haka ba a kai shi wani gari da ke da wurin zama. In ya tafi, 'yan ajin ƙarshe ba su da malami ke nan, sai wanda ke da dangi a Buza ko Allakaye ya tura ɗansa can. 'Yata ta fari, Zalika, tana cikin wannan ajin. Ita ce ke zuwa ta ɗaya tun da ta shiga lakwal, ni kuma ba ni da kowa a Buza.

Ni ne sakataren kwamitin lakwal. (Kada ku ɗauka wani babban abu ne. Kaye ɗaya ne, wato littafin rubutu, da bik na rubutawa, sai dai ni a lokacin ina jin kaina kamar wanda ke riƙe da mabuɗin gari.) Na yi shekara uku a kwalej kafin a koro ni, na je biɗa, wato ci-rani, Abijan sau biyu, na dawo da Faransanci mai ƙarfin murya. Da muka zauna da direktan lakwal da shugaban kwamiti, muka yanke cewa kowane gida ya kawo dami biyu na kara. Ni na rubuta da hannuna, har na ja layi a ƙarƙashin "kowane gida".

Yanzu ga wurin da nake jin nauyin faɗa. Kwana uku bayan na rubuta wannan magana, tun ba a yi shelarta ba, wani makiyayi daga wajen Garhanga ya zo ya taya karan gonata a tsaye, farashin da ban taɓa ji ba. Na sayar masa duka, har tushiya. Rabin kuɗin na sayi hatsi, wannan shi nake yawan tuna wa kaina. Ɗaya rabin na sayi waya mai babban gilashi, domin a ganina bai dace sakatare ya riƙa fiddo ƙaramar waya a gaban direkta ba. Maganar dami biyu kuwa na ce a raina ai da sauran lokaci, za a san yadda za a yi.

Da mai shela ya zagaya da labarin, gari ya ɗauka. Kafin la'asar har an raɗa wa abin suna, lanhon kara. Lanho dai shi ne harajin da kowa ke biya yana tsaki, saboda haka sunan kawai ya ishe ku gane yadda aka karɓi maganar. Mata a bakin rijiya suna cewa an gama da aljihu an koma kan bakin akuya. In na wuce majalisa sai wani ya ce ga mai karɓar lanho nan, a ɓoye kara. Ni kuwa maimakon in lallashi mutane sai na hau dokin zuciya, ina ce musu jahilci ne ke damunsu.

Wanda ya tsaya a gaban masu ƙin abin shi ne Baba Ilyasu, abokin marigayi mahaifina. Tsoho ne mai sanyin magana, kuma shi ne gwanin kafa rumfa a garin, duk rumfunan lakwal da aka taɓa yi da hannunsa a ciki. Wannan ya ƙara ba ni haushi, don da wani ne da na ce ƙin boko ne. Maigari ya ga maganar tana neman raba gari, sai ya sa ranar taro a filin lakwal, bayan azahar.

Ana gobe taro na zauna na tsara abin da zan yi. Zan yi jawabi mai ratsa jiki, in na kai ƙarshe sai in janyo amalanke daga bayan kilas da dami biyu manya a kai, in ce ga nawa, saura ku. Har na ga yadda kunya za ta kama su a zuciyata. Abu ɗaya ne ya rage, ba ni da kara ko sili ɗaya, kuma kuɗin sayensa yana cikin aljihuna a siffar waya.

Inna, mahaifiyata, tana zaune a sashenta cikin gidanmu da awakinta biyu. Ba ta da gona tun rasuwar mahaifina. Abin da take yi shi ne, in masu gona sun sare karansu sun kwashe, sai ta bi baya da ɗan gatarinta tana kala, tana tumɓuke tushiya da guntayen da aka bari. Wata guda ta yi tana wannan aiki a rana, da bayanta mai ciwo, har ta tara ƙananan dammuna shida a saman rumfarta. Ba ta da igiya, saboda haka ta yayyaga wani tsohon zanenta shuɗi, wanda ta shekara goma tana ɗaurawa, ta ɗaure su da shi. Da su take fatan kai awakin nan ga damina.

Da hantsi ranar taron, ta tafi rijiya. Na aro amalanken maƙwabci da jakinsa, na hau rumfar na sauko da su duka shida. (Aro ne, haka na gaya wa kaina. Zan mayar mata da wanda ya fi shi kyau. Da me, yaushe, ban tsaya tambaya ba.) Sai na ga matsala: guntaye ne, wa zai yarda daga gonar namiji suka fito? Na zagaya bayan gida na zare dogayen kara daga dangata, na jera uku-uku a tsakiya, na lulluɓe su da dogayen, na ɗaure tamau da igiyar kaba. Suka fito dami biyu ƙosassu, abin sha'awa. Na tsaya ina kallonsu ina yaba wa kaina dabara, sannan na kora jaki na kai su bayan kilas na ɓoye.

Taro ya cika fiye da yadda na zata. Maza a gaba kan tabarmi, mata a baya a tsaye, Fulani da arɗonsu a gefe guda sun dogara da sanduna, fuskarsu a ɗaure. Sabon mushe yana zaune kusa da direkta, saurayi ne shiru-shiru, sai duba ƙasa yake yi. Direkta ya yi bayani cikin ladabi, ya ce shi ba ya tilasta kowa, amma kwana shida suka rage. Arɗo ya ce shanunsa uku sun riga sun kwanta ba sa iya tashi. Sannan Baba Ilyasu ya gyara zama.

"Mu ba mu ƙi lakwal ba," in ji shi. "Ɗiyanmu na cikinta, jikokinmu na cikinta. Amma bana kara ba kara ba na, rai na. Wanda duk yah hidda dami biyu, ya hidda akuya guda ga garkenai. Wagga ita ta gaskiya." Ya ɗan tsaya, ya share baki. "Duk da haka nan, jiya mun zamna, mun yi shawara, munka ce tunda..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na ji muryarsa ta yi laushi, na ji tsoron kada a daidaita tun ban fiddo amalankena ba, duk shirina ya tashi a banza. Sai na miƙe tsaye, na katse tsohon da ya riƙe ni ranar sunana. Wasu suka ce in zauna, na yi kamar ban ji ba.

Abin da na faɗa ranar, Allah ya yafe mini. Na ce mu ne muka mayar da kanmu baya. Na ce na ga ƙasashe, na ga yadda ake gina lakwal da bene, mu ko kara ya gagare mu. Na watsa Faransanci iyakar wanda na sani, har da wanda ban san ma'anarsa ba, ina satar kallon sabon mushe in ga ko ya yaba. Na ce duk wanda ya hana dami biyu ya sani da hannunsa ya rufe wa ɗansa ido. Da na ga wurin ya yi tsit sai na ɗauka maganata ce ke shiga, na ƙara murya, na nuna su da yatsa.

"Ku hwaɗa mini gaskiya," na ce, "mi kunka haihwa, akuya ko ɗa?"

Na juya da sauri na zagaya bayan kilas, na janyo jaki. Ya ƙi tafiya, sai da na yi ta turawa, rigar Juma'a tana jan ƙasa. Na kai tsakiyar fili na sauke dammunan ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi don a ji ƙararsu, na ce ga nawa nan, daga gonata, da gumina, wanda ya isa uba ya yi haka.

Baba Ilyasu ya tashi a hankali. Ban ga fushi a fuskarsa ba, kuma har yau na yi imani ba da niyyar tona ni ya taso ba. Mai kafa rumfa ne, in ya ga kara sai ya taɓa. Ya kama igiyar ya ɗaga dami ɗaya, ya ajiye, ya sake ɗagawa. Ya ce ya ji shi da nauyi, kamar da ƙasa a ciki, bari ya ware dogaye da gajeru tun yanzu ya ga abin da zai yi jinka. Na ce a bari sai gobe. Na ce igiyar ta ɗauru sosai. Na ce lokaci yana tafiya. Kafin in samo dalili na huɗu ya riga ya kwance.

Dogayen suka zube gefe. Ƙananan dammuna uku suka gangaro, tushiya da saiwa da busasshiyar ƙasa, kowanne da ɗaurin shuɗin ƙyalle. Ɗaya ya mirgina har gaban tabarmar maigari ya tsaya.

Babu mace a garin nan da ba ta san zanen ba, babu kuma namijin da bai ga Inna duƙe a gonarsa tana kala ba. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, tun da ta dawo daga rijiya ta tarar da rumfarta wayam, ta bi gida-gida tana tambaya tana kuka. Ta je har wurin maigari ta kai ƙara. Wasu kuma, da saurin baki, sun riga sun ce ai ba ya wuce Fulani, maganar ta kai kunnen arɗo kafin azahar. Shi ya sa na ga fuskarsu a ɗaure. Ni ina can bayan kilas ina maimaita jawabi, ban ji komai ba.

Baba Ilyasu ya duƙa ya ɗauki ɗaya, ya juya shi a hannu, ya dube ni. Na fi so da ya zage ni. Na buɗe baki, Hausar ta ƙi zuwa, Faransancin ma ya gudu. Sai na ji motsi a cikin mata, suka dare, Inna ta fito. Idonta a kumbure. Ta tsaya a inda mata ba sa tsayawa, ba ta dube ni ba, maigari ta duba.

"Ni nib ba shi," ta ce. "Na mance na. Tsuhwa ta. Ku ƙyale shi."

Maigari ya sunkuyar da kai, shi da ya ji kukanta da safe. Duk wanda ke wurin ya san ƙarya take yi, kuma ya san don wa take yin ta. Tsohuwar da ban taɓa jin ta yi ƙarya ba ta tsaya gaban gari ta mayar da kanta mai ruɗewa don ta rufa mini asiri. A duk abin da ya faru ranar, wannan ne ya fi yi mini ciwo, kuma shi ne ba ya warkewa.

Arɗo ne ya fara tafiya. Ya ce wa maigari to yanzu an ga ɓarawon, ya saɓa sandarsa, mutanensa suka bi shi. Sauran suka riƙa naɗe tabarmi ɗaya bayan ɗaya, babu hayaniya, babu ko dariya. Direkta ya yi ta kiran a dakata a yanke magana, ba wanda ya juyo. Maƙwabcina ya zo ya kama jakinsa ya tafi da amalanken. Dammunan nan shida a kaina na mayar da su gida, sawu uku, ta tsakiyar gari, da rana tsaka, cikin rigar Juma'a.

Babu gidan da ya kawo kara bayan wannan. Wa zai kawo? Duk wanda direkta ya tuntuɓa sai ya ce a tambayi sakatare. Da kwanakin suka cika aka zo da moto, wato babur, aka ɗauki sabon mushe da katifarsa. Yara huɗu da ke da dangi a Buza suka tafi can. Sauran suka zauna gida, har da Zalika.

Bayan kamar mako guda Baba Ilyasu ya zo gaishe da Inna. Da zai fita ya same ni a zaure, inda na koma zama tun ranar, don majalisa ta gagare ni. Ya zauna, ya tambayi lafiyar iyali, sannan ya ce akwai maganar da ya fara ranar taro ban bari ya kai ƙarshenta ba, yana so in ji ta. Ashe sun zauna da arɗo da sauran dattawa sun amince kowane gida ya ba da dami ɗaya, shi kuma zai kafa rumfar ƙarama, ya yi mata bango uku maimakon huɗu, ya jingina ta da kilas ɗin siminti. Ya auna wurin ma tun da asuba. Ya ce da ta ishi yaran.

"Kalma ukku ta rage mini, ɗana," ya ce, ya tashi ya tafi.

Inna ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya. Ta karɓi karanta ta mayar saman rumfa, ta ci gaba da aiko mini da fura. Akuya ɗaya ta kai damina, ɗayar ba ta kai ba. Na je na ba arɗo haƙuri, ya ce ya wuce, amma sai da aka shekara kafin matansu su koma kawo nono gidanmu.

Da shekara ta zagayo an yi ruwa, kara ya wadata, aka kafa rumfa ba tare da wani taro ba, aka kuma samu wani mushe. Na ce wa Zalika ta shirya ta koma. Ta ce a'a. Ta yi tsawo a shekarar nan, sa'o'inta huɗu suna kwalej, ita ba za ta zauna da ƙannenta a ƙasa ba. Na lallashe ta, na yi faɗa, na sa uwarta ta yi mata magana. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Baba, ka bari." Ba ni da bakin da zan matsa mata.

Yanzu tana taya uwarta tuyar ƙosai a bakin kasuwa. Kwanan baya na tsaya ta zuba mini na karin kumallo, ta naɗe mini a takarda. Sai da na cinye na lura takardar daga tsohon kayenta ce, rubutunta ne a jere tsaf, mai ya jiƙa shi, a sama ga jan bik na malami ya ba ta goma bisa goma. Na tambaye ta don me take yaga su, ta ce takarda ta yi tsada, kuma waɗannan ba su da sauran amfani.

Mutane in sun ba da irin wannan labari sukan ce sun koyi darasi. Nawa darasin ba shi da girma: in dattijo yana magana, ko da na ƙagu, in kama bakina har ya dire. Na iya shi yanzu sosai, a taro har tambayata ake yi ko ba ni da lafiya. Sai dai ni na yi karatun, Zalika ce ta biya.